Fangalin Katako a Ƙasar Gumel: Tsarinsa, Dacewarsa da Muhalli da Matsalar Sunansa a Hausa

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani a kan dabarar noman kayan lambu wadda ake kewaye ƙasar shuka da falankan katako, a ɗaga ta sama da doron ƙasa. An auna dabarar da yanayin ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Gumel, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. An nuna cewa matsalolin da aka tsara ta domin magance su a Turai kishiyoyin matsalolin wannan yanki ne, saboda haka kwaikwayon ta yadda take zai jawo asarar ruwa da ta katako. An fito da wuraren da take da amfani, da gyaran da take buƙata, da irin itacen da ke jure gara, da haɗarin wasu magungunan da ake shafa wa katako. An kuma duba sunan da ya kamata a kira ta da shi, bisa la'akari da kalmomin fangali da komi da kunya.

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya leƙa lambun Bahaushe da rani zai tarar an yanka ƙasa gida-gida. Kowane gida an kewaye shi da ɗan tudun ƙasa da bai fi tsawon yatsa ko tafin hannu ba, cikinsa kuwa a kwance yake, domin ruwan da aka zuba ya zauna har ƙasa ta shanye shi. Wannan shi ne fangali, wanda wasu ke kira komi ko kwami. Tun zamanin da ake ɗebo ruwa da jigo har zuwa yau da ake jawo shi da inji, siffarsa ba ta sauya ba.

A 'yan shekarun nan wata siffa ta daban tana shigowa ta hotuna da bidiyo na wayar hannu da takardun koyar da noman cikin gida. A wannan siffa ana haɗa akwati marar gindi da falankai huɗu, a aje shi a ƙasa, a cika shi da ƙasa mai taki, a yi shuka a ciki. A Ingila da Amurka akan yi shi da katakon dandamali, wato falankan da ake shimfiɗawa a bayan gida a yi wurin zama da su, domin suna da sauƙin samu, kuma an riga an yi musu maganin ruɓewa. Babu al'adar irin wannan dandamali a ƙasar Hausa, don haka wanda ya so yin akwatin a Gumel ko Maigatari wurin 'yan katako da kafinta zai nufa, ya sayi falankin da ake yin benci da ƙofa da shi. Abin tambaya shi ne ko akwatin ya dace da ƙasar, kuma idan ya dace, a wane wuri, da wane itace.

2.0 Ƙasa da Ruwa a Masarautar Gumel

Masarautar Gumel tana arewacin Jihar Jigawa, jihar da aka cire daga tsohuwar Jihar Kano a ranar 27 ga Agusta, 1991. Daga arewa ta yi iyaka da yankin Damagaram na Jamhuriyar Nijar, kuma a kan wannan iyaka garin Maigatari yake, inda babbar kasuwar dabbobi ke ci kowace Alhamis. Gagarawa tana kudu, a kan layin dogon da ya tashi daga Kano zuwa Nguru.

Ƙasar yankin jigawa ce, rairayi mai laushi da iska ta tara tun zamanin da. Babu babban kogi da ya ratsa ta. Fadamun da suka sa noman rani ya bunƙasa a Jigawa suna can kudu da gabas, a kwarin Kogin Haɗejiya. Damina gajeriya ce, daga Yuni zuwa Satumba, shi ya sa gero da wake da gyaɗa da riɗi da zoɓo suka fi karɓar ƙasar. Mai son ganye ko tumatir da rani dole ya dogara da rijiya ko burtsatse ko ɗan garuwa, kuma kowane daga cikinsu yana cin ƙarfi ko kuɗi. A watannin Afrilu da Mayu zafin rana yakan haura digiri 40. Waɗannan abubuwa uku, wato rairayi da tsadar ruwa da zafi, da su za a auna kowace dabarar lambu da aka kawo yankin.

3.0 Dalilin Ɗagawa da Dalilin Nutsarwa

Mai lambu a arewacin Turai yana fama da ƙasa mai laka wadda ruwa ke kwanciya a kanta wata da watanni, ga sanyi da ke hana iri tsirowa. Idan ya ɗaga ƙasar shukarsa, ruwa zai tsiyaye da sauri, rana kuma za ta dumama ta da wuri. Wannan ne ainihin amfanin akwatin a can: ya kori ruwa, ya jawo ɗumi. A ƙasar Gumel kuwa ruwan da ake son riƙewa shi ne akwatin ke kora, zafin da ake gudu shi ne yake jawowa.

Lissafi kaɗan zai bayyana haka. Akwatin da tsawonsa ƙafa 8 ne, faɗinsa ƙafa 4, yana da fuska mai murabba'in ƙafa 32, kusan murabba'in mita 3 ke nan. Idan tsayinsa ƙafa ɗaya ne, bangwayensa huɗu sun kai murabba'in ƙafa 24. Wato an ƙara wa rana da iska wurin bugu da ya kai kashi uku cikin huɗu na fuskar shukar, abin da fangalin da ke nutse a ƙasa ba shi da shi ko kaɗan. A tsakiyar bazara, ruwan da ganye da ƙasa ke fitarwa a yini ɗaya a irin wannan yanki yakan kai kimanin milimita 8. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce, saboda haka akwatin zai sha lita 24, kusan jarka guda mai lita 25 a kullum, tun ba a sa abin da ke fita ta jikin katako ba. Shi kuma rairayi ba ya ajiya. Idan aka ɗauka cewa zurfin mita ɗaya nasa yana riƙe wa shuka milimita 60 na ruwa, to zurfin ƙafa ɗaya zai riƙe milimita 18 kacal, kuma kayan ganye sukan fara yaushi da zarar rabin wannan ya ƙare. Abincin yini ɗaya ke nan. Wanda ya cika akwatinsa da zallar rairayi, ya yi tafiyar kwana biyu a watan Afrilu, zai dawo ya iske latas ɗinsa ya kwanta.

Ba a banza ba ne dabarun noma na Sahel suka karkata zuwa ƙasa. Tassa da manoman Illela a yankin Tawa suka shahara da ita rami ce da ake zuba taki a ciki, a shuka gero. Irin ta ce zai ta ƙasar Burkina Faso, wadda marigayi Yakuba Sawadogo ya farfaɗo da ita har ya sami lambar yabo ta duniya a 2018. Haka ma rabin-wata da ake haƙawa a fako domin tare ruwan sama. Fangali ɗan wannan dangi ne. Abin da Bahaushe ke ɗagawa shi ne kunya, ita kuwa ta damina ce, lokacin da ruwa ke zuwa da yawa a lokaci guda, sai kuma tudun dankali da rogo da ake yi domin saiwa ta sami ƙasa mai taushi. Manomin ya san ɗagawa, ya san nutsarwa, kowace da lokacinta.

Daga nan za a iya yanke hukunci ɗaya ba tare da shakka ba: a buɗaɗɗen lambu na rani, inda ake da fili da ƙasar da za a haƙa, akwatin katako ba shi da abin da zai ƙara wa fangali sai kashe kuɗi.

Amma ba duk mai son shuka ne ke da lambu ba. A cikin garin Gumel da sauran manyan garuruwan masarautar akwai gidajen da tsakar gidansu daɓe ne ko siminti, ko ƙasar ta cakuɗe da ɓaraguzan gini. Akwai matan aure da harkarsu ta tsaya a cikin gida, waɗanda ɗan alayyafo da lawashi da yakuwa a kusa da madafa zai rage musu kuɗin cefane. Akwai mazauna gidan haya da ba su da izinin haƙa. Akwai tsofaffi da masu ciwon baya da sunkuyo ke wahalar da su. Akwai makarantu da ke son nuna wa yara yadda iri ke tsirowa. A waɗannan wurare aikin katakon ba ɗaga ƙasa ba ne, riƙe ta ne. Tudun rairayi ba ya tsayuwa: kaji su tone shi, yara su taka shi, iskar hunturu ta kwashe shi, ruwan Agusta ya share shi tare da takin da aka sha wahalar tarawa. Falanki yana tsare ƙasar da aka gyara a wuri ɗaya shekara da shekaru, kuma shi ne ke ba da wurin kafa raga ko rumfa. Akwai kuma renon iri. Manomin da ke son dashen tumatir ko attaruhu ko albasa ya isa da wuri yakan zuba iri tun damina ba ta ƙare ba, lokacin da ruwan sama mai ƙarfi ke nutsar da fangali ya ruɓar da tsiro. A wannan ɗan lokaci kaɗai dalilin Bature da na mutumin Gumel suke haɗuwa.

4.0 Katako da Gara

Babbar abokiyar gabar wannan akwati ita ce gara. Akwatin kuwa ya tara mata duk abin da take nema: itace a jikin ƙasa, danshi kullum, taki da karmami a kusa. A tassa zuwan gara alheri ne, domin ramukanta ke buɗe ƙasa ruwa ya shiga. A akwatin katako zuwanta ƙarshen akwatin ne.

Mafi yawan falankan da ake sayarwa a Arewa daga dazuzzukan Kudu ake kawo su, su sauka a manyan kasuwanni irin 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano, daga nan su bazu zuwa garuruwa. Masu araha daga cikinsu, irin obece da afara, farare ne marasa nauyi, masu daɗin aiki a hannun kafinta, amma ba sa jure ƙasa mai danshi. Suna iya yin shekaru a matsayin benci a cikin ɗaki, amma a jikin jiƙaƙƙiyar ƙasa gara da ruɓa sukan gama da su cikin ɗan lokaci. Loko, wanda 'yan kasuwa suka fi sani da iroko, yana jurewa ƙwarai, haka ma maɗaci zuwa wani mataki, sai dai tsadarsu ta fi ƙarfin aikin. Babu hikima a sayi katakon ƙofar gidan mai kuɗi a kewaye alayyafo da shi.

Maginan gargajiya sun daɗe da amsa wannan tambaya. Azara, wadda ake tsagawa daga gangar jikin giginya, ita ce ke ɗauke da rufin soraye na shekaru aru-aru, saboda ɓangaren waje na itacen yana da taurin da gara ba ta iya masa. Ƙirya ma haka take, ita ce ake sassaƙa turmi da taɓarya da ita. To amma giginya da ƙirya bishiyoyi ne masu jinkirin girma, kuma Jigawa tana cikin jihohi goma sha ɗaya da ke sahun gaba wajen fuskantar hamada, waɗanda shirin Babbar Koriyar Ganuwa ya shafa. Sare su domin akwatin ganye ɓarna ce da ta fi amfanin. Tsohuwar azarar da aka ciro daga rusasshen gini ita ce ta halatta a nan, kuma idan aka same ta babu abin da ya kai ta.

Abin da ya fi dacewa da yankin shi ne darbejiya. Baƙuwa ce daga Indiya, an shigo da ita Nijeriya ta Borno a 1928, amma yanzu babu garin da ba ta cika shi ba, har ta tara sunaye: darbejiya ko dalbejiya, dogon yaro, maina, bedi. Dangin maɗaci ce, jan cikinta yana da tauri, gara ba ta cika son sa ba. Muhimmin abu shi ne idan aka sare reshenta tana sake tofowa, don haka ana iya samun sanduna ba tare da an kashe bishiya ba. Ba lallai ne a tsaga ta falanki ba. Ana iya jera miƙaƙƙun rassa biyu ko uku a kan juna, a tokare su da turaku. Farin da ke bayan ɓawo shi ne mai rauni, shi gara ke fara ci. Itacen turare da ake dasawa a shingayen tare iska shi ma yana da ƙarfi, amma yakan tsage ya murɗe idan ya bushe da gaggawa, kamar yadda ke faruwa da duk ɗanyen katakon da hunturu ya riska.

4.1 Maganin da ke Zama Guba

Katakon dandamali na Turai yawanci itacen fir ne ko danginsa, wanda da kansa ba ya jure komai. Abin da ke ba shi ƙarfi shi ne maganin da ake tura masa cikin jiki da matsin inji. Shekaru da dama maganin da aka fi amfani da shi shi ne wanda ake kira CCA, haɗin sinadarin kuromiyam da jan ƙarfe da arsenik. Saboda arsenik guba ne, an daina amfani da shi a katakon gidaje a Amurka daga ƙarshen 2003, Tarayyar Turai ma ta taƙaita shi a daidai wannan lokaci, aka koma ga magungunan jan ƙarfe marasa arsenik. Ko a can ɗin, yawancin katakon dandamali an yi masa magani ne don zama a sama da ƙasa, ba don a binne shi ba, abin da masu yaɗa hotunan ba su cika faɗa ba.

A nan gida babu wannan inji a kusa da mai ƙaramin aiki. Abin da aka saba shi ne a shafe katako da baƙin mai, wato man injin da aka juye daga mota, wani lokaci a gauraya shi da maganin ƙwari. A kan katakon rufi wannan wata magana ce. A jikin ƙasar da za a shuka abin miya kuwa ba shi da wuri, domin baƙin mai yana ɗauke da ɓurɓushin ƙarafa masu guba da ragowar ƙuna, kuma ruwan ban-ruwa zai riƙa wanke shi zuwa saiwa. Gamalin, wanda tsofaffin kafintoci suka sani, sinadarin lindan ne, kuma an sa shi cikin jerin abubuwan da Yarjejeniyar Stockholm ta haramta a 2009. Tsohon turken wutar lantarki na itace shi ma an jiƙa shi da magani mai ƙarfi, bai dace ba. Katakon da ake ɗora kaya a kai cikin kwantena, wanda ake samu da araha a kasuwa, yakan zo da tambari: wanda aka rubuta wa HT da zafi aka gasa shi, ba shi da laifi, wanda aka rubuta wa MB kuwa hayaƙin magani aka yi masa, gara a bar shi. Wanda mai ko wani sinadari ya zube a kansa shi ma a bar shi, ko da wane tambari yake ɗauke.

Kariyar da ba ta da haɗari ta tsari ce. A ɗora falankan a kan jerin bulo ko duwatsu yadda ba za su taɓa ƙasa ba, domin gara ta tilasta gina hanyarta a fili inda ido zai gan ta a rushe. A lulluɓe bangwayen daga ciki da leda mai kauri ko tsohon tamfol don raba katako da danshi, amma a bar gindin a buɗe. A babbaka fuskar katakon da wuta sama-sama, wanda tsohuwar dabara ce da ke rage ruɓa ko da ba ta hana gara gaba ɗaya. Daga waje a shafa farar ƙasa don rage zafin da bangon ke sha.

5.0 Haɗawa da Cikawa

Falankin da aka fi samu a kasuwa shi ne mai kaurin inci 1, faɗin inci 12, tsawon ƙafa 12, ko da yake sau da yawa ba ya cika awon. Wannan tsawo ya yi daidai da aikin: idan aka yanka kowane falanki gida biyu, ƙafa 8 da ƙafa 4, falankai biyu sun ba da akwati guda ba tare da ragowa ba. Faɗin ƙafa 4 ba a zaɓe shi don kyau ba. Shi ne iyakar abin da hannu zai kai tsakiyarsa daga kowane gefe ba tare da an taka ƙasar ba. Idan akwatin zai jingina da katanga, sai a rage faɗin zuwa ƙafa 2. A kowace kusurwa ana sa turke na katakon da kafintoci ke kira tu-bai-tu ko tu-bai-tiri, a buga falankan a jikinsa, domin ƙusar da aka buga a bakin falanki kai tsaye ba ta riƙo. Falankin inci ɗaya mai tsawon ƙafa 8 zai yi ciki idan jiƙaƙƙiyar ƙasa ta tura shi, saboda haka tilas a ƙara turke a tsakiyar kowane dogon gefe.

Gyaran da ya fi kowane muhimmanci shi ne kada a cika akwatin. Inda ƙasa ke haƙuwa, a fara sassauta ta zurfin taƙi guda a ƙarƙashin inda akwatin zai zauna, a gauraya ta da taki. Sannan a zuba ƙasa zuwa inci 8 ko 9 kawai, a bar inci 3 ko 4 na katako a sama. Wannan baki da aka bari shi ne ke yin aikin tudun fangali: yana tsare ruwa ya nutse a hankali, yana kare tsiro daga iska, yana riƙe ciyawa ko ɓawon gyaɗa da aka rufe fuskar ƙasa da shi. Cika akwatin har baki na buƙatar ƙasa kusan lita 900, cikawa zuwa inci 9 kuwa kusan lita 680, wato baro goma sha ɗaya zuwa sha biyu idan baro na cin lita 60. A kan siminti, inda saiwa ba ta da inda za ta nutsa, zurfin inci 9 ya ishi alayyafo da latas da lalo da albasa, amma tumatir da kuɓewa za su so a ɗora falanki na biyu, kuma dole a bar kafar da ruwa zai fita.

Ƙasar cikawa ita ce inda nasara take. Rairayi shi kaɗai ba ya riƙe ruwa, laka ita kaɗai takan daskare. Ana haɗa rairayi da ruɓaɓɓen taki da ɗan abin da ke da yumɓu, kamar ƙasar bakin kududdufi ko ta tsohon suri da gara ta bari. Taki ba abin wahala ba ne a ƙasar da ke da kara irin ta Maigatari da garken awaki a kusan kowane gida, amma sai wanda ya kwana biyu ya huce. Ɗanyen kashin dabba yana ƙona tsiro, yana kawo irin ciyawa, yana kuma iya ɗauke da cuta zuwa ganyen da ake ci ɗanye. Ƙasar juji ta cikin gari, wadda a da ake rububinta, yanzu ta cika da leda da fasassun batura, sai an tace.

Ta fuskar ruwa, tulun da ba a shafe shi ba yana da amfani a nan. Idan aka binne shi har wuya a tsakiyar akwatin aka cika shi aka rufe bakinsa, ruwa zai riƙa tsattsafowa ta jikinsa gwargwadon bushewar ƙasar. Wannan hali na yumɓu shi ne wanda Muhammad Bah Abba, tsohon malami a kwalejin fasaha ta Dutse, ya gina tukunyarsa ta sanyaya kayan lambu a kai, wadda ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a 2000. Ruwan alwala da na wanke hatsi suna da kyau ga shuka. Ruwan wanki mai omo kuwa yana tara gishiri, kuma a ƙaramin akwati illarsa ba ta daɗewa take bayyana. Wurin da ya fi shi ne inda rana ke samu da hantsi, katanga ko bishiya ta tare ta da la'asar, sai dai kada a matsa kusa da darbejiya, domin saiwarta za ta bi danshi ta shigo ta gindi.

Ya kamata a faɗi cewa duk wannan aiki bulo ko tubali zai yi shi, kuma gara ba ta cin su. Fifikon katako biyu ne: ba ya cin wuri, kuma ana iya kwance shi a tafi da shi ranar tashi.

6.0 Matsalar Suna

Ga mai nazarin Hausa akwai wani abu a nan da ya wuce noma. A Turanci kalmar da ke nufin gadon kwana ita ce kuma ke nufin wurin shuka. Fassarar na'ura, da masu fassarar gaggawa, sukan ɗauko ma'anar farko, shi ya sa ake cin karo a intanet da maganganu irin su gadon lambu da gadaje masu tasowa. Manomin Sule Tankarkar da aka karanta wa haka ba zai gane ana maganar wurin shuka ba. Irin waɗannan rubuce-rubuce suna ƙaruwa, kuma daga cikinsu ake kwafa a sa a takardun wayar da kai, alhali harshen yana da kalmominsa tun kafin ƙamusun Bargery na 1934.

Kalmomi uku ne ke takara. Kunya ba ta dace ba, domin doguwa ce, ba ta da baki, kuma a kanta ake shuka. Fangali ya dace ta fuskar aiki: yanki ne mai kusurwa huɗu, mai iyaka, wanda ake ba ruwa shi kaɗai. Abin da za a iya cewa a kansa shi ne fangali nutsewa yake yi, wannan kuwa tashi yake yi. Amma an riga an nuna cewa sigar da ta dace da ƙasar Gumel ita ce wadda aka bar wa baki, ruwa ke zama a cikinta, wato fangali ne da aka sauya masa tudun ƙasa da falanki.

Komi ya fi su ban sha'awa. Kalmar tana nufin abin da ake zuba wa dabbobi abinci ko ruwa a ciki, wanda a da daga gungumen itace ake fafe shi. Tana nufin jirgin ruwa na itace. Tana kuma nufin gidan shuka a lambu. Abin da ya haɗa ma'anonin uku shi ne siffa: abu mai baki da ciki wanda ke riƙe abin da aka zuba masa. Ana iya hasashen cewa ma'anar lambu daga ta itacen ta faɗaɗo, kuma idan haka ne, akwatin katako ya mayar da kalmar inda ta fito, tunda ga itacen ga kuma shukar. Sai dai a ƙasar kiwo irin wannan, wanda ya je wurin kafinta ya ce a haɗa masa komin katako, abin cin tumaki za a haɗa masa. Fangalin katako ba shi da wannan ruɗani, domin fangali ba ya nufin komai sai wurin shuka. Akwatin shuka ma yana da sauƙin fahimta, amma akwati yana da gindi, kuma mai jin sunan zai iya sa kafinta ya rufe ƙasan, wanda shi ne kuskuren da ke hana ruwa fita ya ruɓar da saiwa.

Masarautar Gumel tana tsakanin Kananci da Dauranci da Haɗejiyanci da Hausar Damagaram, ga kuma tsohuwar alaƙarta da Mangawa da Borno, don haka ba abin mamaki ba ne a ji fangali a wani ƙauye, a ji kwami a na kusa da shi. Mai rubuta takardar koyarwa don wannan yanki zai fi samun fahimta idan ya sa fangalin katako a kanun takardar, ya ambaci kwami sau ɗaya a layin farko, sannan ya nuna a zane cewa gindin a buɗe yake kuma ƙasar ba ta kai baki ba.